Ina binciken jami'a yake maƙalewa kafin ya iso asibitin ƙauye?

Tambaya daga wata ungozoma da ke aiki a asibitin sha-ka-tafi a karkarar Ringim: "Likita, assalamu alaikum. Kusan kullum sai mun ji a rediyo masana a jami'a sun gano kaza, an buɗe cibiyar bincike kaza. Ni kuwa na daɗe a ɗakin haihuwa, kayan aikina ba su sauya ba, mata kuma suna ta zubar da jini a hannunmu. Wai mene ne aikin waɗannan cibiyoyi, kuma ta wace hanya abin da suka gano yake isa ga majinyaci?"

Wa alaikumus salam, Sista. Allah ya ba da ladan aiki. Wanda bai taɓa kwana a ɗakin haihuwa na karkara ba, wuta a ɗauke, tocila a baki, motar da za ta kai mace babban asibiti kuma sai an je an taso direba daga barci, ba zai san nauyin tambayar nan ba. Na daɗe ina aiki tsakanin asibiti da masu bincike, don haka zan gaya miki yadda abin yake tafiya da kuma inda yake tsayawa.

Tunda zubar jini kika ambata, mu fara da allurar da na san kin ji sunanta ko da babu ita a kabad ɗinki, wato tiranekzamik asid, mai hana jinin da ya daskare sake narkewa. Wasu mata da miji 'yan Japan, Utako da Shosuke Okamoto, su suka fito da ita a 1962. Ita Utako tun farko matan da ke mutuwa wajen haihuwa ne a ranta, amma ta yi ta neman likitocin mata na ƙasarta su gwada maganin, ba ta sami mai saurarenta ba. Maganin ya shiga kasuwa, ana ba mai yawan jinin al'ada da wanda aka cire wa haƙori, masu jego kuwa shiru. Sai a 2017 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi da mata sama da 20,000 a ƙasashe 21, Najeriya ce ma kan gaba wajen yawan matan da suka shiga. Aka ga idan an yi allurar cikin awa uku da haihuwa, mutuwa ta dalilin zubar jini tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. A shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa shawarar amfani da ita cikin ƙa'idojinta. Utako ta rasu a 2016, ba ta ji wannan labari ba.

Shekara 55 ke nan magani mai araha yana ajiye a shagunan magani, mata suna mutuwa. A duk tsawon lokacin an san sinadarin, an san yadda yake aiki a jini. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tara kuɗi, ya shawo kan asibitoci, ya nemi izini, ya bi mata dubu ashirin ɗaya bayan ɗaya yana rubuta wadda ta rayu da wadda ta rasu. To, cibiyar da kike tambaya a kanta don wannan aiki na tsakiya ake kafa ta.

Malamin da ke ɗakin gwaji ya san ƙwayar halitta da ɓera, amma bai san yadda ake tafiyar da layin marasa lafiya ranar kasuwa ba. Likitan da ke kan gado ya san majinyaci, amma yana duba mutum ɗari a wuni, ba shi da lokacin zama ya tsara bincike. Kowannensu idan aka bar shi shi kaɗai, aikinsa a takarda zai ƙare. Cibiya ce take ajiye mutanen da ba a jin sunansu a rediyo: masanin ƙididdiga da zai ce mutum nawa ake buƙata kafin a yarda da sakamako, mai kula da bayanai da zai kama cewa an rubuta wa mace ɗaya lamba biyu, malaman jinya na bincike, mai harhaɗa magani da ke lura da zafin ɗakin ajiya, akanta da ya san yadda ake kashe kuɗin tallafi a kuma yi bayaninsa. Tana da firjin ajiye samfurin jini da janareto ko sola da ba ya barin sa ya mutu. Tana ba matashin likita ɗan kuɗin somin-taɓi ya gwada tunaninsa a kan mutum hamsin, don ya sami abin nunawa idan ya je neman babban tallafi. A Amurka tun 2006 gwamnatinsu ta ware kuɗi na musamman don irin waɗannan cibiyoyi, yanzu jami'o'i wajen sittin ke da su, bayan masanansu sun yi ƙiyasin cewa sakamakon bincike kan ɗauki kimanin shekara 17 kafin ya zama aikin yau da kullum a asibiti.

Sabon magani kuwa hanyarsa sananniya ce, ba sai na daɗe a kanta ba. Bayan ɗakin gwaji da dabbobi, a ba mutane 'yan kaɗan a ga ko yana cutarwa, sannan ɗaruruwan masu ciwon a ga ko yana aiki da kuma adadin da ya dace, sannan dubbai a kwatanta shi da maganin da ake da shi. Cikin goma da suka kai ga gwajin mutane, kusan tara a hanya suke faɗuwa. Wanda ya tsallake, a nan ƙasar sai NAFDAC ta yi masa rajista. Saboda haka duk lokacin da kika ji a rediyo cewa wani ganye ya kashe ƙwayar cuta a ɗakin gwaji, ki san ko ƙofar gida ba a fita ba tukuna.

Akwai aiki ɗaya na cibiya da mu mutanen Kano da Jigawa ba ma wasa da shi, shi ne kare wanda ake gwajin a kansa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya haɗa yara 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar kuma an nemi yardarsu da baki. Aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Tabon bai tsaya nan ba, domin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, wannan labari yana cikin abin da mutane suke kafa hujja da shi. Sai a 2007 ƙasar ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya. Yau ba a taɓa majinyaci da sunan bincike sai kwamitin ɗa'ar bincike ya karanta tsarin ya amince, kuma akwai wani kwamitin mai zaman kansa da ke leƙa sakamako ana cikin aiki, yana da ikon tsayar da komai in ya ga cutarwa.

A ƙauye wannan yana nufin a fara gaida dagaci da liman, a yi wa maigida bayani, domin haka tsarinmu yake kuma wanda ya tsallake shi ba zai yi nisa ba. Amma yardar dagaci ba ta maye gurbin ta matar. Dole a zauna da ita, a karanta mata da Hausar da take ji, a gaya mata za ta iya cewa a'a kuma ba za a rage mata komai na kulawa ba, sannan ta sa hannu ko ta dangwala yatsa gaban shaida. Idan wata rana aka zo asibitinku da takardun bincike, kina da hakkin ki ce a nuna miki takardar amincewar kwamitin. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Yanzu ga misalin da ya fi kusa da ke. A Jami'ar Bayero akwai cibiyar nazarin lafiyar al'umma da tsare-tsare da ake kira ACEPHAP, wadda Bankin Duniya ya tallafa aka kafa, Farfesa Hadiza Galadanci ta jagorance ta. Ita ce ta riƙe ɓangaren Najeriya na wani gwaji mai suna E-MOTIVE, tare da Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya. An yi shi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kusan rabinsu a nan ƙasar, da mata fiye da 210,000. Abin da zai ba ki sha'awa shi ne babu sabon magani ko ɗaya a ciki.

Masu binciken sun fara ne da abin da ke da kanki kin sani: ido ba ya auna jini. Zani ya sha, katifa ta sha, wani ya zuba a ƙasa, ungozoma ta duba ta ce da sauƙi, sai can mace ta fara hamma da gumi mai sanyi. Sai suka kawo wata leda da ake shimfiɗawa ƙarƙashin mace da zarar jariri ya fito, ƙasanta kamar mazurari, yana rataye a bakin gado, an ja masa layuka na awo. Cikin awa ta farko ana duba ta duk minti 15. Jini ya kai layin mililita 500, ko ya kai 300 alhali bugun zuciya ko hawan jini ya fara sauyawa, to ba jira. Kuma maimakon a gwada abu ɗaya, a tsaya a gani, sannan a gwada na gaba, sai a yi su gaba ɗaya: a murza mahaifa, a ba da oksitosin, wato allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, a ba da tiranekzamik, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, in abin ya ƙi a kira na gaba ko a tura.

Sakamakon ya fito a 2023. A asibitocin da aka ci gaba da yadda aka saba, cikin mata 100 masu zubar jini 51 kawai ake ganewa. A inda aka yi sabon tsarin, 93. Waɗanda suka zubar da lita ɗaya ko fiye, ko aka kai su tiyata, ko suka rasu saboda jinin, sun sauko daga 43 cikin 1,000 zuwa 16. Ragin kashi 60 cikin 100 ke nan. Kafin shekarar ta ƙare Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi shawararta ga ƙasashe.

Ni abin da na fi so ki lura da shi ba ledar ba ce. An tanadi keken turawa ko akwati guda da aka zuba duk kayan a ciki, ana cika shi a kowane canjin aiki, don kada a tsaya neman makullin sito ƙarfe biyun dare. An yi ta atisaye a cikin ɗakin haihuwar kansa, ba a otal a birni ba. An zaɓi ungozoma da likita a kowane asibiti su zama masu tsaya wa abin. Duk wata kuma ana dawo wa ma'aikata da alƙalumansu su ga inda suka yi kyau da inda suka yi sake. Waɗannan ƙananan abubuwa su suka sa cikin 100 aka yi wa 91 cikakken magani, a ɗaya ɓangaren kuwa 19. Tsara su da auna su shi ma bincike ne, kuma a ganina shi ne irin binciken da muka fi buƙata a Arewa.

Wani lokaci aikin cibiya shi ne ta karɓi abin da aka tabbatar a wata ƙasa ta sake masa fasali. Yaran da ke da amosanin jini, kusan ɗaya cikin goma kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara 20 idan ba a yi rigakafi ba. A 1998 aka nuna a Amurka cewa idan aka ɗora wata 'yar na'ura a gefen goshin yaro aka auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, za a gane wanda ke cikin haɗari, ƙarin jini duk wata kuma yana rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin 100. To wane uba ne a Gaya ko Babura zai iya samo ledar jini duk wata har shekaru? Sai likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Murtala, da takwarorinsu na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a madadinsa. A gwajin da aka buga a 2022, mai yara 220, an ga ƙaramin awo da matsakaici ba su bambanta ba wajen kare shanyewar jiki, sai dai masu shan matsakaicin sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Ba su tsaya a buga takarda ba. Sun horar da masu yin awon, sun yi amfani da ƙwayar da wani kamfani ke yi a nan Najeriya, sun kuma bi gwamnatin jiha har ta amince ta riƙa sayen maganin don yaran da awo ya nuna suna cikin haɗari.

Akwai kuma wanda ya tsallake gwaji ya faɗi a gaba. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta taɓa fitar da Niprisan, maganin amosanin jini da aka samo daga haɗin wani mai maganin gargajiya, cikinsa har da masoro da kanumfari da karan dafi. Gwaji ya nuna yana rage tashin ciwon. Aka ba wani kamfani lasisi, aka ƙaddamar da shi a 2006, cikin 'yan shekaru kamfanin ya durƙushe, maganin ya ɓace daga kasuwa na tsawon lokaci, masu shan sa suka rasa inda za su nufa. Shi ya sa cibiyar da ta san aikinta take ajiye lauya da masanin kasuwanci tun da wuri, masu tambayar wa zai ƙera, nawa zai sayar, in ya gaza wa zai karɓa.

To me ya sa har yau ba ki gani ba? Ke 'yar karkara ce, kin san irin wake ko dawa da aka inganta a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ba ya tashi da kansa ya faɗa gonar mutum. Sai an sami mai ninka shi, da dillalin da zai kawo shi kasuwa kafin damina, da malamin gona da zai nuna yadda ake shuka shi, da manomin da maƙwabta za su ga gonarsa su yarda. Haka nan ma. Bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi magana, sai ma'aikatar lafiya ta tarayya ta sa shi a ƙa'idojin ƙasa, jiha ta sa shi a kasafin kuɗi, hukumar sayen magunguna ta jiha ta saya, hukumar lafiya matakin farko ta raba ta kuma horar, makarantun ungozoma su sa shi a darasi. Jami'a ba ta da iko a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan. Iyakarta ta kai hujja, ta lissafa musu kuɗin, ta yi ta naci.

Sannan dole in faɗa miki, E-MOTIVE a manyan asibitoci na mataki na biyu aka yi shi, inda akwai likita da ɗakin tiyata. Asibiti irin naku, mai ma'aikaciya ɗaya ko biyu da dare, ba shi aka gwada ba, balle ɗakin da mafi yawan matan Jigawa da karkarar Kano suke haihuwa, wato gida, a hannun ungozomar gargajiya. Oksitosin ma yana son sanyin firji, zafin Afrilu yana kashe masa ƙarfi, sai a yi allura a ga kamar ruwa aka ba da. An gwada wani ɗan'uwansa mai jure zafi, kabetosin, a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe goma har da Najeriya, aka buga sakamakon a 2018, amma shi rigakafi ake yi da shi bayan haihuwa, kuma shi ma yana kan wannan doguwar hanya.

Mu ma masu bincike akwai namu. Ƙarin girma a jami'a da yawan takardun da mutum ya buga ake yin sa, babu mai tambayar asibiti nawa suka sauya aiki saboda shi. Mafi yawan kuɗin daga waje yake zuwa, mai kuɗi kuwa shi yake zaɓar tambaya. Na sha ganin asibitin da aka yi aikin bincike a cikinsa, ana gama shekarun tallafi aka kwashe kwamfutoci, ma'aikatan wucin gadi suka watse, ko sakamakon ba a dawo an gaya wa mutanen garin ba. Wannan yana ci mini rai, domin matan da suka ba da jininsu da lokacinsu sun fi kowa cancantar su fara cin moriya. Najeriya ce ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya, kuma Arewa ce ta fi jin jiki. Da ni ake tambaya, da na ce a riƙa auna kowace cibiya da adadin asibitocin karkarar da aikinsu ya sauya, a kuma ba ungozoma irinki kujera a kwamitin da ke zaɓar abin da za a bincika. Yanzu da Jami'ar Tarayya ta Dutse take da tsangayar likitanci, ga kuma asibitin tarayya na Birnin Kudu, Jigawa ba ta da uzurin jiran Kano a wannan.

Kafin nan akwai abin da ke hannunki. Haɗa kayan zubar jini wuri ɗaya, da duba mai jego duk minti 15 a awar farko, ba sa buƙatar izinin kowa. Ki rubuta wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma kina neman ledar awo, da tiranekzamik, da horon da ke tafiya da su, ki ambaci cewa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ce tun 2023, ki kuma sa kwamitin ci gaban mazaɓarku ya bi takardar, domin buƙatar da aka rubuta ta fi wadda aka faɗa a taro tsawon rai. Tiranekzamik giram ɗaya ake ba da ita ta jijiya, a hankali cikin minti goma, cikin awa uku da haihuwa, kuma ba ta hana a tura mace gaba idan jinin bai tsaya ba.

Rajistarki kuma ki riƙe ta da muhimmanci. Duk macen da ta zubar da jini, ki rubuta ƙarfe nawa ta haihu, ƙarfe nawa aka gane, me aka ba ta, me aka nema babu, awa nawa aka yi kafin a sami mota, da yadda ta ƙare. Masu bincike da ke zaune a Kano ba su da wannan bayani, kuma da irinsa ake gamsar da mai ba da tallafi cewa a zo a gwada tsarin a ƙananan asibitoci. Idan kin tara na wata shida, ki kai kwafi ga mai kula da lafiyar mata masu ciki ta ƙaramar hukumarku, ki aika wani zuwa sashen lafiyar al'umma na asibitin koyarwa mafi kusa da ku, bayan kin cire sunayen matan.